Tekun Da Ta Janye Daga Ƙasar Sakkwato

Mu mutanen Kebbe, in aka yi mana zancen teku sai mu ga kamar tatsuniya ce, domin daga garinmu zuwa bakin ruwan gishiri a Ikko ya yi kusan mil 400. Alhali kuwa teku ta taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato, ta biyo ta Mali da Nijar daga arewa, ta bar shaidarta cikin duwatsu.

Wanda ya bi hanyar Tambuwal ya isa Sakkwato, ya nufi Kalambaina ko Dange ko Wurno, zai tarad da farin dutse irin wanda ake yin siminti da shi. Ku fasa ɗaya ku duba. Sau da yawa za ku ga katantanwa da ɓawon ƙananan dabbobin ruwa sun sandare a ciki. Dutsen kansa ma ɓawonsu ne, watau suna mutuwa suna nitsewa, wani kan wani, laka ta danne su, har bayan shekaru fiye da miliyan 55 suka zama abin da maƙera da magina ke takawa ba su kula ba.

A nan ne ya kamata mu masu shirin koyarwa mu yi hattara. A ƙasashen Turai an sha tono ƙashin dabbar nan da ake kira dolfin cikin irin wannan dutse, saboda haka ɗalibi na iya zaton kowane babban ƙashi na Sakkwato nata ne. Ba haka ba ne. Dolfin ba kifi ba ce, tana haihuwa tana shayarwa kamar ayu, kuma tekunmu ta ƙafe tun kafin a same ta a duniya. Manyan ƙasusuwan da aka haƙo wajen Goronyo na wani ƙaton damon ruwa ne. Bature Swinton ya bayyana shi a 1930, sa'an nan a 1972 masanan Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus. An kuma sami kadoji masu dogon baki, da kunkuru, da haƙoran kifaye.

Dangin dolfin na dā a kudu aka same shi, a ƙasar Ombiyala, muƙamuƙi da haƙora. Andrews na gidan tarihi na Landan ya kira shi Pappocetus lugardi, don tunawa da Gwamna Lugga. Shi ma ya zo bayan tekunmu da shekaru miliyoyi.

Abin da ke ba mu takaici, yaro kan tsinci irin wannan dutse ya kawo makaranta da murna, malam ya ce shirme ne, ya sa a jefar. Mu dai mun yi shawara, duk wanda aka kawo mana za mu rubuta inda aka tsince shi da ranar, mu ajiye cikin akwatin aji, domin ƙashin da ba a san ramin da ya fito ba, masana ba sa iya faɗin shekarunsa.