Haihuwa da Baƙunta a Gidan Namun Daji: Darasi ga Mai Kiwo

Gidan namun daji wuri ne da ake ajiye dabbobin dawa, a ciyar da su, jama'a su zo kallo. A ƙasarmu akwai irinsa a Yamai, cikin gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Wanda ya taɓa zuwa ya ga zaki da kura da dorina da kada. Amma aikin irin wannan gida bai tsaya ga kallo ba. Kamar rumbun iri yake. Manomin kirki ba ya cinye irinsa, ko da yunwa ta matsa. Haka ake ajiye dabbar da ta kusa ƙarewa, don ta hayayyafa. Ga yadda ake aikin, da abin da mai kiwo zai ɗauka a ciki.

Ranar haihuwa

Kowace dabba da tsawon cikinta. Zakanya takan yi wata 3 da rabi. Dorina takan yi wata 8. Raƙumar dawa takan yi wata 15, giwa kuwa wata 22. Saboda haka masu kula da dabbobin suna rubuta ranar barbara, don su san lokacin haihuwa. In lokacin ya kusa, sai a ware uwa a wuri mai tsabta, inda babu hayaniya.

Raƙumar dawa a tsaye take haihuwa. Ɗan yakan faɗo ƙasa daga sama, shi ya sa ake shimfiɗa yashi ko ciyawa mai laushi. Tsawonsa yakan kusa mita 2, kuma cikin kamar awa guda yakan miƙe. Abu na farko da ake jira a gani shi ne ya kama nono. Nonon farko, wato dakashi, shi ne garkuwar jariri daga cututtuka. Amfaninsa ya fi yawa a awoyin farko. In uwa ta ƙi ɗanta, sai a ba shi dakashi da hannu, ba tare da jinkiri ba.

In baƙuwar dabba ta zo

Gidajen namun daji suna musayar dabbobi a tsakaninsu. Dalili shi ne, in uba ya riƙa barbarar ƴaƴansa, zuriya takan raunana. Ƴaƴan sukan fito ƙanana, marasa ƙwari, wasu ma su mutu tun suna jarirai. Don haka ake riƙe littafin zuriya. A ciki ake rubuta uwa da uban kowace dabba, kafin a zaɓa mata abokin barbara daga wani gida.

Baƙuwar dabba ba a haɗa ta da sauran nan take. Akan tsare ta ita kaɗai, yawanci kwana 30. Likitan dabbobi zai duba jininta da kashinta, ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya cire mata kaska, ya yi mata allurar rigakafi. Dabba tana iya ɗauke da cuta alhali idonta garau. Bayan haka sai a bar su su riƙa ganin juna ta bayan shinge, har su saba, sa'an nan a buɗe ƙofa.

Shirin gobe

A da, cikin ƙananan kejin ƙarfe ake kulle namun daji. An lura cewa dabbar da ke cikin ƙunci ba ta cika haihuwa ba. Yanzu gidajen da suka ci gaba fili mai faɗi suke shiryawa, mai itatuwa da inuwa da ruwa, mai kama da dajin da dabbar ta fito. Kuma ana gama shirin wuri da abinci da magani tun kafin dabbar ta iso. Babban buri shi ne wata rana a mayar da ƴaƴan daji.

Labarin mariri

Mariri farar dabba ce mai jan wuya da dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya. A da tana yawo garke-garke a bakin hamada, har da ƙasarmu. Farauta da mota da bindiga, da fari, da ƙarancin makiyaya suka gama da ita. A shekarar 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji.

Abin da ya cece ta shi ne waɗanda aka kama a Cadi cikin shekarun 1960, aka kai gidajen namun daji na ƙasashen waje. Can suka hayayyafa. A 2016 aka ɗauko guda 25 a jirgin sama daga Abu Dabi zuwa Cadi. An tsare su cikin shinge na ƴan watanni, don su saba da zafi da ciyawar wurin, sa'an nan aka sake su a gandun dajin Wadi Rime. A watan Satumba na wannan shekara aka sami haihuwar farko. An ci gaba da kawo wasu. Zuwa 2023 sun kai ɗaruruwa, aka cire mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.

Raƙuman dawanmu

Raƙuman dawa na yankin Kure, kusa da Yamai, labarinsu dabam ne. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Binciken da aka yi a 2007 ya nuna cewa waɗanda ke gidajen namun daji na Turai, da ake zaton irin namu ne, ashe wani iri ne na wajen Cadi da Kamaru. Ma'ana, raƙumin dawanmu ba shi da rumbun iri a waje. In ya ƙare a nan, ya ƙare ke nan a duniya.

Da haƙurin manoman yankin da aikin ma'aikatan gandun daji, yawansu ya haura 600 a 2018. A wannan shekara aka ɗauki guda 8 a mota, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su zuwa gandun Gadabeji, a arewacin jihar Maraɗi. An yi haka don kada annoba ko fari su same su duka a wuri guda. Daga baya sun haihu a can.

Abin da mai kiwo zai riƙe

1. Dabbar da ka sayo a kasuwa, ɗaure ta dabam na wata guda. Kada ta sha ruwa a kwano ɗaya da sauran. In ka ga majina ko zawo ko tari, kira likitan dabbobi. Rigakafi ya fi magani.

2. Tabbatar ɗan akuya ko ɗan tunkiya ya sha dakashi da zarar ya miƙe. Kada a tatse shi a zubar.

3. Sauya rago ko bunsuru kafin ƴaƴansa mata su isa barbara. Yi musaya da makiyayin wani gari.

4. Yanzu da ka iya rubutu, sayi ƙaramin littafi. Rubuta ranar barbara, da ranar haihuwa, da ranar allura.

5. In ka ga ɗan naman daji shi kaɗai, kada ka ɗauke shi. Sau da yawa uwarsa tana kusa. Cizon biri ko dila yana iya kawo cuta, har da haukan kare. In dabbar ta ji rauni, sanar da ma'aikatan gandun daji.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

Don me ake tsare baƙuwar dabba ita kaɗai? Mene ne amfanin dakashi? Waɗanne namun daji ne iyayenku suka sani a dajinku, waɗanda babu su yau? Me garinku zai yi don waɗanda suka rage?