Yini Guda a Makarfi

Wata rana da hunturu, lokacin hutun makaranta, wani malami ya tashi daga Zariya za shi Kano gaishe da 'yan'uwa. Ya ɗauki 'ya'yansa biyu a mota, yaro da ƙanwarsa. Da suka iso Tashar Yari sai ya saki babbar hanya, ya nufi gabas. Ya ce, "Yau a Makarfi za mu yini, wurin kawunku. Gobe in Allah ya kai mu ma ƙarasa Kano."

Yaron ya ɓata fuska, ya ce, "Baba, me za mu gani a ƙaramin gari?" Yana faɗin haka yana gaigayar mazarƙwailar da aka saya masa a tasha. Da ta ishe shi sai ya wurgar da sauran ta taga. Uban ya gani, amma bai tsawata masa ba. Ya ce kurum, "Gani ya kori ji."

Makarfi tana arewacin Jihar Kaduna, cikin ƙasar Zazzau. Ita ce hedkwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar. Ikara tana gabas da ita, Kudan kuwa tana yamma. A wannan gari aka haifi Alhaji Ahmed Muhammad Makarfi, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. Amma abin da ya fi kai sunan garin nesa shi ne rake. Tun ba su shiga gari ba suka yi ta gamuwa da manyan motoci, an laɓta musu dammunan rake, za su birane masu nisa.

Kawu ya tarye su da murna. Bayan sun sha ruwa sun huta, ya kai su fadama ƙafa da ƙafa. Suka tarar da rake ya yi duhu, ya fi mutum tsawo, iska tana kaɗa ganyensa.

Yarinyar ta ce, "Kawu, ina irin da ake shukawa?"

Kawu ya sari kara guda, ya nuna mata gaɓoɓinsa. Ya ce, "Dubi nan, 'yata. Kowace gaɓa tana da ido. Mukan yanka karan guntu-guntu, mu binne a ƙasa mai laima, daga idon nan sabon rake ke tsirowa. Sa'an nan sai noma, da taki, da ban ruwa. Yakan yi kusan shekara guda kafin ya isa sara."

Uban ya ƙara musu da cewa asalin rake daga wani tsibiri ne mai nisa, ana ce da shi Niyugini. Daga can ya bazu zuwa Indiya da ƙasashen Larabawa, har ya iso Afirka. Yanzu ƙasar Barazil ce ta fi kowace noma shi, Indiya tana bi mata.

Daga fadama suka bi hayaƙi har wurin da ake dafa mazarƙwaila. Nan suka ga wani injin ƙarfe, doki yana kewayawa yana juya shi. Wani saurayi yana cusa rake tsakanin ƙarafan, ruwan yana tsiyaya cikin mazubi. Kawu ya ce mutane da yawa sun bar doki sun koma inji mai shan mai, amma aikin ɗaya ne. Ya ce kuma, "In an sare rake ba a barinsa ya daɗe, gama zaƙinsa raguwa yake yi. Ruwan ma in ya jima ba a dafa ba sai ya yi tsami."

Aka tace ruwan, aka zuba a wani babban kasko bisa murhu. Abin da ya rage na raken bayan an matse shi, shi ake shanyawa a yi makamashi, ba a zubar da kome. Wani dattijo yana tsaye da doguwar ludayi yana kwashe kumfa. Yaron ya roƙa a bar shi ya iza wuta, aka bar shi. Ba a jima ba gumi ya jiƙa masa riga, hayaƙi ya cika masa ido. Don ya gama da wuri sai ya tura makamashi da yawa gaba ɗaya. Wuta ta tashi, kasko ya soma tumbatsa.

Dattijon ya yi maza ya janye wutar. Ya ce, "Sannu-sannu, ɗana! In wannan kasko ya ƙone, wahalar mutum biyar ta tafi a banza, har da ta doki." Yaron ya ji kunya, ya ce, "A gafarce ni, Baba." Daga nan ya riƙa sa makamashi kaɗan-kaɗan yadda aka nuna masa.

Da ruwan ya yi kauri, ya yi ja, aka sauke, aka yi ta motsawa, kana aka zuzzuba a ƙananan kwanoni. Da ya huce sai ya daskare, aka kife kwanonin, ga mazarƙwaila ta fito. Kawu ya ce in an auna rake kilo 10, abin da za a samu bai fi kamar kilo 1 na mazarƙwaila ba.

Da la'asar suka zaga kasuwa. Suka ga kwandunan tumatir da barkono, da buhunan masara. Kawu ya ce ƙasar Ikara ta yi suna wajen tumatir, har akwai masana'antar da aka gina a can domin sarrafa shi. Mutanen Kudan kuwa, ban da rake, sun kama noman inabi. Yarinyar ta yi mamaki, don dā tana tsammani inabi sai daga ƙasashen waje.

Da safe za su tashi, Kawu ya ba kowannensu mazarƙwaila guda. Yaron ya gutsuri kaɗan, ya naɗe sauran a takarda, ya sa a aljihu. Ƙanwarsa ta ce, "Yaya, yau ba za ka jefar ba?" Ya ce, "Ina! Ai na san abin da ta ci kafin ta zo hannuna." Uban ya yi murmushi, ya ta da mota, suka kama hanyar Kano.

Tambayoyi

1. A ina matafiyan suka saki babbar hanya?
2. Yaya ake dasa rake?
3. Don me ba a barin ruwan rake ya jima ba a dafa ba?
4. Me ya sa yaron ya adana mazarƙwailarsa?
5. Wace sana'a garinku ya yi suna da ita? Rubuta jimla biyar a kanta.