Yadda Takardar Haraji Ta Tsayar da Bizar Matar Yayana Wata Biyar

Ni ɗalibin sashen akanta ne, ina shekarar ƙarshe ta HND. Gaskiya a da idan aka shiga lakcar haraji ina cikin masu hamma a bayan aji. Abin da ya farkar da ni ba jarrabawa ba ce, matsala ce da ta shigo har cikin gidanmu, kuma na san akwai irina da yawa a makarantar nan masu yaya ko yayar da ke waje, ko wadda aka ɗaura wa aure da mazaunin Amurka tana zaman jiran biza. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na koya.

Yayana yana zaune a jihar Tekzas. Karatu ya kai shi, ya zauna, har ya zama ɗan ƙasa. A 2022 ya zo gida aka ɗaura masa aure, ya koma ya bar amarya a wurin Hajiyarmu, da niyyar ya yi mata takardu ta bi shi. Wata ranar Lahadi a 2024 ya kira ni, muryarsa a sanyaye, ya ce: "Malam akanta, an dawo mini da takardun harajina, wai ba su cika ba. Duba mini abin da suke nufi." Na ce, "To Yaya, turo mu gani." Daga nan na shiga karatun da ba a ba ni maki a kansa.

Me ya haɗa aure da haraji?

Tafiyar takan fara ne da fom I-130, wanda miji ko mata ke shigarwa a hukumar shige da fice ta USCIS don tabbatar da cewa auren na gaskiya ne. Idan an amince, sai fayil ɗin ya koma cibiyar biza ta NVC, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka. A can ake tattara takardu ta intanet kafin a ba da ranar intabiyu, mu 'yan Najeriya a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas.

A cikin takardun da ake tattarawa akwai fom I-864, wato takardar rantsuwar ɗaukar nauyi. Dokar da ta kawo ta an yi ta ne a 1996, kuma manufarta ita ce kada wanda aka shigo da shi ya zama nauyi a kan gwamnati. Wanda ya sa hannu ya ƙulla yarjejeniya ce da gwamnatin Amurka, wadda za a iya kai shi kotu a kanta. Dole ya kai shekara 18, ya zama ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, kuma mazauninsa ya kasance a Amurka. Sannan kuɗin shigarsa na shekara ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci da gwamnati ke fitarwa duk shekara, gwargwadon yawan mutanen gidansa. A 2024, gida mai mutum biyu yana buƙatar dala 25,550. A 2025 adadin ya koma dala 26,437, mai mutum uku kuma dala 33,312. Alaska da Hawayi nasu ya fi haka. Sojan da ke bakin aiki idan matarsa ko ɗansa zai ɗauko, kashi 100 ake nema a wurinsa.

To da me za a gane mutum yana samun wannan kuɗi? Ai ba da baki ba. Takardar harajinsa ake dubawa, domin ita ce abin da shi da kansa ya shaida wa hukumar haraji ta IRS cewa ya samu.

Wace takarda ake so?

Hanya biyu ce. Ta farko, kuma wadda ta fi sauƙi, ita ce tiranskirif na IRS. Mu ɗalibai mun san bambancin tiranskirif da makaranta ta fitar da kuma fotokwafin sakamako da ɗalibi ya ɗauko daga jakarsa. Haka abin yake a can. Tiranskirif taƙaitaccen bayani ne da IRS ke bayarwa na abin da mutum ya shigar, kyauta ne, ana sauke shi daga shafin hukumar ko a nema da fom 4506-T. A kula, iri-iri ne: wanda ake nufi shi ne na bayanin harajin shekara da mutum ya shigar. Wanda ke nuna albashi kaɗai ba ya maye gurbinsa.

Hanya ta biyu ita ce kwafin fom 1040 da mutum ya cike. Amma wanda ya bi wannan hanya dole ya haɗa da komai: duk shafukan ƙari, da kowace W-2 da ma'aikata ta ba shi, da kowace 1099. W-2 ita ce takardar da ke nuna albashin ma'aikaci da harajin da aka cire masa, kusan kamar tsarin PAYE namu. 1099 kuwa ta masu aikin kansu ce da sauran kuɗin da ba albashi ba. A nan Yaya ya fara tuntuɓe. Shafi biyu na farko na 1040 kawai ya ɗora, ya bar sauran, alhali yana aikin sito da rana, da dare kuma yana tuƙin mota ta manhajar waya. Aka dawo da su, kuma duk lokacin da ka sake ɗorawa sabon layi za ka bi.

Wanda ya kawo tiranskirif ba sai ya haɗa da W-2 ko 1099 ba, sai idan harajin haɗin gwiwa ya shigar da abokin aurensa kuma yana so a duba nasa kuɗin shi kaɗai. Wannan ya fi shafar mai tsayawa, wanda zan zo kansa. Kuma harajin gwamnatin tarayya ake magana, na jiha ba ya cikin lissafi.

Shekara ɗaya ko uku?

Wannan tambayar ta ruɗa mu, domin mun saba da takardar shaidar biyan haraji ta Najeriya mai ɗauke da shekara uku. A fom I-864 takardar shekarar haraji ta ƙarshe kaɗai ce tilas. Sai dai fom ɗin yana tambaya ko ka shigar da haraji a shekaru uku na baya, kuma akwai gurbin rubuta jimillar kuɗin shigar kowace shekara. Idan ka ga haɗa takardun shekarun uku zai ƙarfafa maka, kana iya haɗawa.

Wanda doka ba ta wajabta wa shigar da haraji ba a wata shekara, misali ɗalibin da kuɗinsa bai kai mizani ba, sai ya rubuta bayanin dalili ya haɗa. Wanda kuwa ya wajaba a kansa bai yi ba, sai ya fara zuwa ya shigar da na baya tukuna. Har ɗan Amurka da ke zaune a Kano ko Abuja wannan ya shafe shi, domin Amurka na bin 'yan ƙasarta bayanin haraji duk inda suke samun kuɗi a duniya. A kuma riƙa lura da kalanda: 15 ga Afrilu ce ranar rufe shigar da haraji. Wanda ya nemi ƙarin lokaci da fom 4868 yana da har 15 ga Oktoba, sai ya ajiye kwafin fom ɗin a matsayin hujja. Idan jira ya yi tsawo har sabuwar shekarar haraji ta shigo, hikima ita ce matar ta tafi intabiyu da sabon tiranskirif a hannu.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali

Da Yaya ya turo mini cikakken 1040 na 2023, idona ya faɗa kan saman shafin farko, inda ake zaɓar matsayin aure. An sa masa marar aure. Na kira shi na ce, "Yaya, kai da ka yi aure tun 2022, ya aka yi haka?" Ya ce wanda ya cike masa ne ya ce tunda matar ba ta ƙasar kuma ba ta da lambar tsaro ta Amurka, a bar shi a haka.

Wannan ba daidai ba ne. A dokar harajinsu, matsayin da kake a ranar 31 ga Disamba shi ne matsayinka na shekarar. Mai aure yana da zaɓin ma'aurata kowa da nasa, ko ma'aurata a haɗe. Idan a haɗe ne, matar da ke waje za ta nemi lambar haraji ta ITIN da fom W-7, kuma kuɗin da take samu a ko'ina zai shiga lissafi. Ku duba yadda abin zai kasance a gaban jami'in biza: a takarda ɗaya ka rantse kana da mata, a ɗaya kuma ka sa hannu cewa ba ka da ita. Ko da kuskure ne, ka buɗe ƙofar tambayoyi a kan sahihancin aurenka. Gyaran shi ne fom 1040-X. Yaya ya shigar, muka haɗa kwafinsa da takardun, domin tiranskirif na asali ba ya nuna gyaran da aka yi daga baya.

Idan kuɗin bai kai ba fa?

Ga darasin da ya fi shafar mu 'yan akanta. Adadin da ake dubawa shi ne jimillar kuɗin shiga, layi na 9 a fom 1040 na 2023 da 2024. Ga mai aikin kansa, abin da ke hawa wannan layi shi ne ribar da ta rage bayan an cire kuɗin gudanar da sana'a. Ba zan tona aljihun Yaya ba, amma mu ɗauki misali. Direba ya tara dala 52,000 a shekara, ya cire 30,000 na tafiyar mota da gyara da sauransu. Abin da ya rage 22,000. Ya ji daɗi harajinsa ya ragu, amma a ma'aunin 2024 na mutum biyu ya gaza da dala 3,550. Cire kuɗin sana'a na gaskiya halal ne a doka, sai dai lambar da ta rage maka haraji ita ce za ta wakilce ka a wurin biza.

A kuma ƙirga mutanen gida daidai: kai, matarka, 'ya'yanka marasa aure 'yan ƙasa da shekara 21, duk wanda ka sa a takardar harajinka a matsayin wanda kake ciyarwa, da wanda ka taɓa sa wa hannu a I-864 kuma alhakinsa bai sauka ba. Kada a ƙirga matar sau biyu.

Wanda ya gaza yana da mafita. Idan yanzu albashinsa ya ƙaru, ya kawo wasiƙar wurin aiki da takardun albashi na watanni shida na baya. Yana iya nuna kadara, kamar ajiyar banki. Ga ɗan ƙasa mai ɗauko matarsa sai kadarar ta ninka giɓin sau uku, wato dala 10,650 a misalinmu, ga mai katin zama kuma sau biyar. Ɗan'uwan da suke gida ɗaya na iya haɗa kuɗinsa ta fom I-864A. Ko kuma a samu mai tsayawa, wanda zai cike nasa I-864, ya kawo tasa takardar haraji da shaidar matsayinsa a ƙasar, kuma kuɗinsa shi kaɗai ya ishi gidansa har da wadda za a ɗauko. Duk da haka mijin sai ya cike nasa fom ɗin da takardun harajinsa, ko da kuɗinsa bai kai ba.

Wani abokin Yaya ma'aikacin jinya ne ya tsaya masa. Kafin ya sa hannu na roƙi Yaya ya faɗa masa gaskiyar nauyin: alhakin ba ya sauka sai matar ta zama 'yar ƙasa, ko an lissafa mata zango 40 na aiki, kimanin shekara goma ke nan, ko ta bar ƙasar ta rasa matsayinta, ko mutuwa ta zo. Saki ba ya sauke shi. Bawan Allahn ya kwana biyu yana tunani sannan ya amince. Allah Ya saka masa da alheri.

Abin da ba a nema a wurin matar

Cikin watannin nan biyar, Anti ta sha magana. Wasu na cewa auren waya aka yi mata, wasu na cewa ya yi wata a can. Ana cikin haka wani mai kafe ya ce mata takardar shaidar biyan haraji ta Najeriya ce ba ta da ita, ta kawo kuɗi ya haɗa mata ta shekara uku. Allah Ya sa ta tambaye ni. Na ce, "Anti, kada ki ba shi ko sisi." Takardun harajin na mai ɗaukar nauyi ne. Nata su ne irin fasfo, takardar haihuwa, takardar aure, takardar 'yan sanda da gwajin lafiya. Kuma wanda aka kama da takardar bogi ko ƙarya a neman biza yana iya fuskantar haramcin shiga ƙasar na har abada. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Takardar da ta yi ƙaranci kuwa, jami'i kan dakatar da bizar ƙarƙashin sashe na 221(g) har a kawo ta.

Yanzu dai an sanar da su fayil ya cika, Anti na jiran ranar Legas, Yaya kuma ya shigar da harajin bana a matsayin mai aure, ya sauke tiranskirif ya turo mata. Shawarata ga duk mai ɗan'uwa a wannan hanya: ku ce ya sauke tiranskirif tun kafin a nema, ya duba matsayin aurensa da layi na 9, ya kuma gwada da adadin shekarar da ke fom I-864P a shafin USCIS, domin lambobin da dokokin suna sauyawa. Idan lamarin ya cakuɗe, lauyan shige da fice mai lasisi a can ya fi mai kafe a nan. Ni kuma tun daga lokacin na koma layin gaba a lakcar haraji. Ku sa Anti a addu'a.