Yadda Za Mu Kula Da Kajinmu A Hunturu Da Bazara

Darasinmu na wannan mako a kan kajin gida ne.

A hunturun bara muna da kaji 14 a gidanmu, manya da 'yan tsaki. Kafin sanyi ya wuce guda 4 kacal suka rage. Biyu daga cikin waɗanda suka mutu namu ne mu yara, waɗanda muka ci burin sayarwa mu sayi littattafai da takalmin makaranta. Da muka ba da labarin a aji, sai ga shi da yawa daga cikinmu sun taɓa yin irin wannan asara. Shi ya sa muka je wajen malaminmu na aikin gona muka yi tambayoyi. Babban abin da muka koya shi ne, sanyi da zafi kowanne da irin haɗarinsa, kuma tun kafin lokacin ya zo ake yin shiri.

Mu fara sanin jikin kaza

Zafin jikin kaza yana kai wa kusan digiri 41, namu kuwa 37 ne. Gashinta tamkar bargo yake, kuma ba ta yin gumi kamar mu. Saboda haka babbar kaza ta fi jure sanyi a kan zafi. Tsako kuwa akasin haka ne, domin gashinsa bai fito sosai ba, ba ya iya ɗumama kansa.

Lokacin hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska mai sanyi da ƙura tana busowa daga arewa maso gabas, wato daga hamadar Sahara. Ga abin da ya kamata mu yi:

1. Mu toshe gefen akurkin da iska ke bugawa da buhu ko zana. Amma mu bar 'yar kafa daga sama, don idan aka rufe ruf, warin kashi yana taruwa ya dami idanunsu da numfashinsu.

2. Mu shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a ƙasa, mu canza idan ta jiƙe.

3. Kaza tana kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. A makon farko 'yan tsaki suna bukatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, kuma a ƙarƙashin fukafukan uwarsu suke samunsa. Kada mu sake su da sassafe, sai rana ta ɗaga. Idan 'yan tsakin ba su da uwa har aka kunna musu gawayi, to babba ne zai kula da shi, saboda gobara da kuma iskar gawayi mai kisa a rufaffen wuri.

4. Mu yi rigakafin annoba. Abin da ya fi kashe manyan kaji a hunturu ba sanyin ba ne, cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil ce, wadda ta fi yaɗuwa a wannan lokaci. Kaza za ta yi jugum, ta yi koren zawo, tana numfashi da ƙyar, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Cutar ba ta da magani, kuma kafson da ake jiƙa wa kaji a ruwa ba ya kashe ƙwayarta. Amma akwai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa. Akwai wanda ɗigo ɗaya ake yi a idon kaza, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Lafiyayyun kaji ake yi wa, kuma ya fi kyau a yi tun a Oktoba. Mu tuna wa iyayenmu su tambayi ma'aikacin lafiyar dabbobi.

5. Mu ware sabuwar kaza na mako 2 kafin mu haɗa ta da sauran. Nan ne muka yi kuskure a gidanmu. An sayo wani zakara da araha a kasuwa aka sake shi cikin kajinmu, bayan 'yan kwanaki suka fara mutuwa.

6. Idan kaza ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa a bola. Idan suna mutuwa da yawa lokaci ɗaya a sanar da likitan dabbobi, don yana iya zama murar tsuntsaye ce, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, kuma tana iya kama mutum. Mu riƙa wanke hannu da sabulu bayan mun taɓa kaji.

Lokacin bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai digiri 40 a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri. Idan muka ga kaza ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, to zafi ne ya dame ta. Cin abincinta zai ragu, ƙwai ma ya ragu, ɓawonsa kuma ya yi laushi.

1. Mu cire buhunan da muka ɗaura a hunturu. Rufin da ya taimaka a Janairu shi ne zai cuce su a Afrilu.

2. Kada ruwa ya yanke musu. Mu zuba na randa a kasko, mu ajiye a inuwa, mu canza kafin mu tafi makaranta da kuma bayan mun dawo. Mu sa 'yan duwatsu a kaskon don kada tsako ya faɗa ya nutse.

3. Idan rufin akurkin na kwano ne, mu ɗora masa kara ko ciyawa. Idan babu bishiya a gidan, mu yi musu 'yar rumfa.

4. Mu ba su dusa da tsaba da sassafe da kuma yamma. Narkar da abinci yana ƙara zafin jiki, saboda haka da tsakar rana ruwa suka fi bukata.

5. Mu riƙa kwashe ƙwai kullum, domin zafi yana saurin lalata shi.

6. Idan zafi ya kayar da kaza, mu kai ta inuwa, mu jiƙa mata ƙafafu da ruwa mai ɗan sanyi, mu ajiye mata ruwan sha kusa.

Aikin gida

Yau idan mun koma gida, kowa ya leƙa akurkinsu ya amsa tambayoyi uku. Ta wane gefe iska take shiga? Kaskon ruwa a rana yake ko a inuwa? Yaushe aka yi wa kajin rigakafi na ƙarshe? Mu kam mun riga mun rubuta watan Oktoba a bangon littafinmu. Kajinmu 4 da suka tsira yanzu sun zama 11, kuma muna fatan in Allah ya yarda duk za su ga damina.