Lissafin Wutar Firji a Motar Kwana

A Turai da Amurka da Ostareliya, matafiya kan yi makonni a daji cikin mota mai gado da madafi, firjinsu kuwa da batir yake aiki. Idan batirin ya mutu, zafin cikin firji kan haura digiri 5 na ma'aunin Salshiyas, sai ƙwayoyin bakteriya irin su Salmonella su sami damar hayayyafa cikin nama da madara. Saboda haka wajibi ne a yi lissafi kafin a kama hanya.

Alal misali, mu ɗauki firji mai cin wat 48 daga batir mai bolt 12. Idan aka raba 48 da 12, za a sami amfiya 4. Amma injin firji yakan tsaya da kansa in sanyi ya isa. A ce awa 8 yake aiki cikin 24. Ke nan 4 sau 8, amfiya-awa 32 a rana.

Batirin dalma mai amfiya-awa 100, rabinsa kaɗai ya kamata a sha, don kada ya lalace da wuri. Watau 50, wanda zai kai kwana ɗaya da rabi. Lokacin zafi kuwa, ko in ana yawan buɗe ƙofa, injin na iya yin awa 12, ya sha 48, batirin ya tsaya a kwana ɗaya.

Aikin ɗalibi: batirin litiyam mai amfiya-awa 100 yana ba da 80 lafiya lau. Kwana nawa zai riƙe wannan firji a kowanne daga cikin yanayin biyu?