Darasin Wannan Wata: Ina Ungulu Ta Tafi?

Jama'a, a da duk wanda ya je mahautar Funtuwa, ko Malumfashi, ko Bakori, zai tarar da ungulu a kan bishiyoyi suna jira. Yau sai mutum ya daɗe bai ga ko ɗaya ba. Me ya faru?

Babban dalili shi ne fatauci. Wasu na kashe ungulu, su sayar da kanta, da ƙafafunta, da ƙwanta ga masu haɗa magani da tsubbu. Wasu na barbaɗa maganin ƙwarin gona a jikin mushe. Mushe ɗaya yakan kashe ungulu da yawa. Ita kuwa ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. Saboda haka idan an kashe uwa, da wuya a mayar da gurbinta. A 2015 masana na duniya suka sa ungulun ƙasarmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Aikinta tsabtace gari. Tana cinye mushe kafin ya ruɓe, cikinta kuma yana kashe ƙwayoyin cuta. Dubi abin da ya faru a ƙasar Indiya. Bayan 1990 ungulu suka yi ta mutuwa saboda wani maganin shanu da ke saura a jikin mushe. Fiye da kashi 90 cikin 100 suka ƙare. Karnuka suka yawaita a wurin mushe, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2006 gwamnatinsu ta hana ba dabbobi wannan magani.

A Nijeriya akwai doka mai lamba 11 ta 1985. Ta hana farauta da cinikin namun dajin da ke shirin ƙarewa. A 2016 aka ƙara tsananta hukuncinta.

Abin da za mu yi:

1. Kada mu sayi ungulu ko wani sashe nata. Idan babu mai saye, babu mai kashewa.
2. Maganin ƙwari na gona ne. Kada a sa shi a jikin mushe.
3. Kada a sare bishiyar da ungulu ta yi sheƙa.
4. Idan mun ga mai wannan ciniki, mu gaya wa mai unguwa ko malamin daji.

Tambayoyi:

1. Ƙwai nawa ungulu take yi a shekara?
2. Me ya biyo bayan mutuwar ungulu a Indiya?
3. Yaushe ka ga ungulu a garinku? Rubuta amsa, ka nuna wa malaminka.