Kitsen da ba a gani a gidan abincin Meksiko

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Houston ta jihar Teksas. Abokan karatuna sun gayyace ni cin abincin dare a gidan abincin 'yan Meksiko, sau biyu ina zillewa, don ina tsoron kada in ci haram ban sani ba. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗana, ka amsa gayyatar. Idan ka zille karo na uku, za su ɗauka raina su ka yi. Girkin Meksiko kuma ba abin gudu ba ne, tun 2010 UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya. Masara, wake, tumatir da barkono su ne ginshiƙinsa, ka ga kuwa babu baƙo ga ɗan Hausa a cikinsu.

Naman alade da aka rubuta a takardar abinci ba shi ne zai ba ka wahala ba. Sunaye biyar za ka haddace ka kauce musu: carnitas, al pastor, chorizo, chicharrón da cochinita pibil. Ka kula da al pastor musamman, don za ka gan shi a tsire yana juyawa kamar shawarma, ranka ya biya. Daga shawarmar 'yan Labanan da suka yi ƙaura zuwa Meksiko ya samo asali, amma a can aka sauya rago da alade.

Inda ake faɗawa shi ne kitse. Da Sifaniyanci sunansa manteca, wato narkakken kitsen alade, kuma matsayinsa a tsohon girkinsu kamar na man gyaɗa ne a namu. Da shi ake soya dakakken waken nan da ake zubawa a gefen kusan kowane faranti, frijoles refritos. Ana murza shi cikin tortilla ta fulawa, wato gurasarsu mai faɗi. Ana kwaɓa ƙullin tamales da shi, abin nan mai kama da alala da ake turarawa cikin ɓawon masara. Waken charros kuma da guntayen alade ake dafa shi, wanda ake kira borrachos har giya ake zuba masa. Sai mutum ya ce a ba shi wake da gurasa, a zatonsa ya tsira. Gidaje da yawa a Amurka sun koma man kayan lambu, amma ido ba ya bambancewa, sai an tambaya.

Don haka ka buɗe baki. Ka ce wa mai kawo abinci: "¿Tiene manteca?", wato akwai kitse a ciki? Ko ka ce "sin puerco", ban da alade. Idan ya yi jim, ka roƙe shi ya leƙa kicin ya tambayo mai girki. Sun saba, masu ƙin nama da masu ciwon da ke hana cin wasu abubuwa kullum suna tambayarsu.

Me za ka ci ke nan? Ka nemi tortilla ta masara, wadda a al'ada masara ce da ruwa kawai, bayan an dafa ƙwayar da farar ƙasa, kusan yadda uwayenmu ke sa kanwa ko toka a girki. A kanta a sa maka gasasshen kifi ko jatan lande, pescado ko camarón. Gasasshe na ce, domin soyayyen kifin salon Baja sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa. Ka haɗa da guacamole, wato dakakkiyar fiya da albasa da lemon tsami. Akwai naman shanu, res, da kaza, pollo, amma wannan ya shiga batun yanka, kuma ba fagena ba ne: ka tambayi malaminka, ko ka nemi gidan da ya rubuta halal a ƙofa. Idan kana kiyaye yanka, ka tambayi shinkafar ma, don da romon kaza ake yawan dafa ta.

Yaji kam ba na jiye maka. Abin da Ba'amurke ke sharar hawaye a kai, jalapeño, wasan yara ne ga wanda ya tashi da yajin tsire. Habanero ne kaɗai za ka girmama, ɗan'uwan attaruhu ne.

Kada ka manta da tukwici. A Amurka kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abinci ake barin wa mai hidima, kuma da shi yake rayuwa.

Abokanka wataƙila za su nemi margarita, wadda barasar tequila ce a ciki. Kai ka tambayi agua de jamaica. Idan aka kawo ka kurɓa za ka yi dariya, zoɓo ne tsaf, sai dai ba citta ba kanumfari. Akwai na tsamiya, tamarindo, akwai kuma horchata, farin abin sha na shinkafa da kirfa. A Sifaniya da aya ake yin horchata, kunun aya ke nan, amma na Meksiko ɗin ma da ƙanƙara yana kwantar da zafin habanero.